Ƴan cin rani a cikin littattafai: wahala, kaɗaici da ikon ubangida

Da zarar an gama kaka, an ɗaure hatsi an kai rumbu, sai tashoshin mota na Maraɗi, Damagaram da Tawa su cika maƙil da samari, kowa da ƴar jakarsa a kafaɗa. Wasu kudu suka nufa, Kano, Legas, Kwatano ko Abijan. Wasu kuwa arewa suka sa gaba, Agadas, daga can sai Libiya ko Aljeriya. Babu wanda ya riga ƴan kasuwa sanin wannan lokaci, domin a hannunku suke sayen jarka, bargo, rawani, garin rogo da ƙuli-ƙulin guzuri, kuma ku ne kuke ba iyalansu bashin tsaba da gishiri har ranar da aike ya iso. Mata da yawa masu sana'a ma, jarin da suke juyawa wani ɗa ne ko miji ya turo shi daga nesa.

Abin da ba kasafai muke ji ba shi ne yadda ake samo waɗannan kuɗi. Mu da muke aikin rediyo mun san haka daga filin gaishe-gaishe: wanda ya bugo waya daga Sabha ko Tamanrasat, lafiya lau kawai yake cewa, ya gaida mahaifiya da amarya, ya ajiye waya. Kunya da gudun tada hankalin gida sun rufe masa baki. To, abin da ɗan biɗa ya ɓoye, marubutan ƙagaggun labarai sun daɗe da tona shi. Mun duba wasu littattafai da fina-finai daga Amurka, ƙasashen Larabawa, Senegal, Indiya da nan gida Nijar, muka tarar abu uku suke ta maimaitawa: wahala, kaɗaici, da ikon wanda ya riƙe ragamar baƙo.

Wahalar da ke cikin lissafi

Jon Stainbek, marubucin Amurka da aka haifa a 1902 a jihar Kalifoniya, ya yi ƙwadago a gonaki tun yana saurayi, saboda haka ya san leburori ciki da bai. A zamaninsa tattalin arzikin Amurka ya karye tun daga 1929, sannan fari da guguwar ƙura suka cinye gonakin tsakiyar ƙasar, sai dubban manoma suka kwashi iyali suka nufi Kalifoniya neman aikin tsinkar ƴaƴan itace. A 1939 ya fitar da littafin da masu karatun Faransanci suka sani da Les Raisins de la colère, labarin wani gida da banki ya raba da gonarsa a jihar Oklahoma.

Akwai wata dabara a cikin littafin da duk ɗan kasuwa zai gane ta nan take. Mai gona yana bukatar ma'aikata 800, amma sai ya buga takardun talla 5000 ya watsa a garuruwan da yunwa ta kama. Jama'a su yi ta kwararowa, har masu neman aiki su ninka aikin sau da yawa. Kun dai san abin da ke faruwa ranar da tumatir ya cika kasuwa: mai saye ne ke yanka farashi. Haka aka yi wa guminsu. An fara biyan su santi 5 a kan kowane akwati da suka cika, santi 100 kuwa shi ne dalar Amurka guda, ba dalar kasuwarmu ba. Da aka murƙushe masu yajin aiki, sai aka raba ladan biyu. Kantin da ke cikin gonar kuma na kamfanin ne, kayansa sun fi na gari tsada. Ran farko gida guda suka wuni suna tsinka suka haɗa dala ɗaya, uwar gida ta shiga kantin, dalar ta ƙare a cefanen dare guda.

Littafinsa na 1937, Des souris et des hommes, wato Ɓeraye da Mutane, ya fi gajarta amma ya fi sosa rai. Abokai biyu ne, Joj ɗan ƙarami mai wayo, da Leni ƙato mai ƙarfin sa amma hankalinsa na yaro. Suna yawo daga gona zuwa gona suna lodin buhunan sha'ir a kan dala 50 a wata. Burinsu bai wuce su sayi ɗan fili nasu ba, da saniya da kaji da zomaye, inda babu mai korar su. Sun ma san wani fili da za a sayar dala 600. Idan aka buga lissafi, abu ne mai yiwuwa. Amma littafin ya nuna yadda sauran leburori ke karɓar albashi su shiga gari daren Asabar, su ƙarar da shi a gidan giya da gidan mata, Litinin su dawo hannu rabbana. Mutumin da ba ya da gida, ba ya da mai jiran sa, da wuya kuɗi su kwana a aljihunsa.

A gonar akwai wani tsoho, Kandi, wanda ya rasa hannu ɗaya a gonar, aka ba shi dala 250 aka mayar da shi mai shara. Yana da tsohon kare da ya raina tun yana kwikwiyo. Wata rana wani lebura ya ce karen ya tsufa, yana wari, ba ya da sauran amfani, ya fita da shi ya harbe. Tsohon ya juya fuska bango bai ce uffan ba, don ya gane ranar da ya kasa riƙe tsintsiya shi ma waje za a yi da shi. Shi ya sa da ya ji zancen filin, ya roƙi Joj da Leni su sa shi ciki, ya ce zai zuba duk abin da ya mallaka, dala 350.

Kaɗaici a cikin taro

Garin da ke kusa da gonar sunansa Soledad, ma'anarsa da Sifaniyanci kaɗaici. Mutane sun cika ɗakin kwanan leburori, amma babu mai sanin ciwon wani, har ma mamaki suke yadda mutum biyu ke tafiya tare suna kula da juna. Kuruks, baƙar fata guda ɗaya a gonar, mai kula da dawaki, ba a yarda ya shiga ɗakin ba. A gefen barga yake kwana tare da linzamai da sirada. Matar ɗan mai gonar kuwa, har littafin ya ƙare ba a faɗi sunanta ba. Tana yawo tana neman wanda za ta yi hira da shi, maza suna guje mata don tsoron mijinta. Wannan neman abokin hira ne ya kai ta wurin Leni. Ta bar shi ya shafa gashinta, ya riƙe da ƙarfi, ta yi kururuwa, ya firgita ya toshe mata baki, wuyanta ya karye. Da Joj ya ga mutanen gona sun fito da bindigogi, sai ya riga su isa bakin kogi inda abokinsa ya ɓoye, ya sake ba shi labarin fili da zomaye, ya harbe shi da hannunsa don kada su yi masa kisan wulaƙanci. Filin dala 600 ya tafi ke nan.

Mata masu karatu, ga labarin da ya fi kusa da ku. Usman Sambene na Senegal, wanda shi kansa ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Marsai a Faransa, ya rubuta La Noire de... a 1962, ya mayar da shi fim a 1966. Diwana yarinya ce ƴar Dakar da ke zama bakin titi tare da sauran mata suna jiran mai ɗaukar ƴar aiki. Wata Baturiya ta zaɓe ta don rainon yara, daga baya ta tafi da ita garin Antib a Faransa. Diwana ta yi ta murna, ta ɗauka za ta ga kantuna da manyan tituna, ta sayi tufafi ta aiko da hotuna gida. Abin da ta gani shi ne madafa, ɗakin wanka da falo. Ba ta fita, ba ta san kowa ba, babu mai yi mata magana sai da umurni. A fim ɗin, da wasiƙa ta zo daga mahaifiyarta, mai gidan ne ya karanta mata, tunda ita ba ta yi lakwal ba, kuma shi ne ya ɗauki alƙalami ya fara rubuta amsa da sunanta, yana cewa lafiya take. Ko kukanta ba ta da hanyar aikawa gida sai ta hannun wanda ya sa ta kukan. A ƙarshe ta kashe kanta a ɗakin wanka. Mai gidan ya mayar da akwatinta Dakar, ya miƙa wa uwar kuɗi, uwar ta juya baya ta ƙi karɓa.

Wani marubuci ɗan jihar Kerala ta Indiya, Benyamin, ya fitar a 2008 da littafin da sunansa ke nufin Rayuwar Akuya, an kuma yi fim ɗinsa a 2024. Najib ya jinginar da gida, ya bar matarsa da juna biyu, ya sauka filin jirgin Riyad. Wani mutum ya kwashe shi zuwa tsakiyar hamada, ya haɗa shi da garken awaki. Fiye da shekara uku babu albashi, babu ruwan wanka, babu wanda ke jin harshensa. Sai ya shiga raɗa wa awakin sunayen mutanen garinsu yana hira da su, yana kwana a cikinsu don ya ji ɗumin mai rai. Da ya samu ya tsere, da ƙafarsa ya kai kansa hannun ƴan sanda, domin kurkuku ita ce hanyar da ta rage masa ta komawa gida.

Wa ke riƙe da iko?

A duk waɗannan labarai, mai iko shi ne wanda ya riƙe abin da baƙo ba ya da shi: takarda, hanya, harshe ko wurin kwana. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf akwai tsarin kafala, wanda ke ɗaure izinin zaman ma'aikaci da sunan ubangidansa. A 2021 Saudiyya ta sassauta shi, amma sassaucin na wancan lokaci bai haɗa da ƴan aikin gida, makiyaya da direbobin gida ba, su ne kuwa suka fi nisa da idon hukuma. Abin takaici a labarin Najib, sai a kurkuku ya gano cewa mutumin da ya bautar da shi ba ma shi ne ya yi masa biza ba. Tsintar sa kawai ya yi a filin jirgi. Da gaskiyar masu cewa baƙo makaho ne ko da idonsa a buɗe.

Gassan Kanafani, marubucin Falasɗinu da aka kashe a Bairut a 1972, ya rubuta Rijal fis Shams, wato Mazaje a Cikin Rana, a farkon shekarun 1960. Falasɗinawa uku ne suka haɗu a Basra ta Iraƙi suna son ƙetarawa Kuwait ba takardu. Abu Ƙais dattijo ne da ya rasa gonar zaitun ɗinsa a 1948. As'ad saurayi ne da ya ci bashin guzuri wurin kawunsa bisa sharaɗin zai auri ƴarsa. Marwan kuwa yaro ne ɗan shekara 16 da ya bar karatu saboda wansa da ke Kuwait ya yi aure ya daina aiko kuɗi. Dillalan hanya suka ce dinari 15 kowane kai. Sai wani direba ɗan ƙasarsu mai tuƙa tankar ruwa ya yi masu rangwame, bisa cewa za su shiga cikin tankin a rufe su na ƴan mintoci a kowane shinge. Watan Agusta ne, ƙarfen tanki kamar tanda. Shingen farko suka fito da kyar. A shinge na biyu ma'aikatan da ke zaune cikin sanyin ofis suka tsare direban da ba'a da zolaya a kan wata mai rawa, suka ƙi sa hannu da wuri. Kafin ya buɗe murfi, duka ukun sun cika. Da dare ya zubar da gawarwakin a juji, ya kwashe kuɗin aljihunsu har da agogon yaron, sannan ya shiga tambayar kansa me ya hana su bubbuga jikin tankin.

Wannan tambaya ba ta bar masu karatu sun huta ba har yau. Amsar tana cikin halin da baƙo marar takarda yake ciki: idan ya buga, an kama shi, bashi ya hau kansa, ya koma gida da kunya, idan ya yi shiru, wataƙila minti ɗaya ya rage. Mu a Nijar ba mu bukatar a fassara mana wannan. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Yara 52 ne, mata 33, maza 7, akasarinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram. A 2015 an kafa dokar hukunta masu safarar baƙin haure, a watan Nuwamba na 2023 aka soke ta. Da dokar da babu ita, wanda ke bayan mota ransa yana hannun direba.

Stainbek ya ƙara da wani abu mai ɗaci: wanda aka danne, shi ma yana neman na ƙasa da shi. Ɗan mai gonar yana huce haushinsa kan leburori. Matarsa, wadda ya mayar kamar kayan ɗaki, da Kuruks ya ce ta fita daga ɗakinsa sai ta tuna masa cewa kalma ɗaya daga bakinta ta isa a rataye shi. Shi kuma Kuruks, kafin shigowarta, ya zauna yana tsorata Leni da cewa wataƙila Joj ba zai dawo ba, yana jin daɗin ganin wani ya ɗanɗana abin da yake sha kullum. Direban Kanafani ma ɗan gudun hijira ne kamar fasinjojinsa.

Namu na gida

Tafiya biɗa ba yau ta fara shiga labari a ƙasarmu ba. Jan Rush, Bafaranshen da ya daɗe yana aiki a Nijar, ya ɗauki fim ɗin Jaguar a tsakiyar shekarun 1950, aka fitar da shi a 1967. Damure Zika, Lam Ibrahim da Illo Gaudel sun tashi daga kasuwar Ayoru suka gangara Gwalkwas, Gana ta yau. Ɗaya ya yi dako a tashar jiragen ruwa, ɗaya ya yi aikin katako, ɗaya ya kama ƴar tireda a kasuwar Kumasi. Suka dawo da kaya niƙi-niƙi, abin da suka tara cikin watanni suka rabar cikin kwana guda. A 1958 kuma Rush ya fitar da Moi, un noir, inda Umaru Ganda ya fito a matsayin lebura ɗan Nijar a unguwar Tireshbil ta Abijan. Yana sauke buhuna duk mako, yana mafarkin zama zakaran dambe mai mota, yarinyar da yake so kuma wani Bature matuƙin jirgin ruwa ya ɗauke ta saboda aljihunsa ya fi nauyi.

Da Ganda ya fara shirya nasa fina-finan, sai ya yi Cabascabo a ƙarshen shekarun 1960, labarin tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Indoshin da kuɗi. Abokai, maroƙa da mata suka yi masa caa. Da aljihu ya bushe, kowa ya watse, ya kama hanyar ƙauye. Nan fim ɗin ya taɓo laifinmu na mazauna gida: muna auna wanda ya dawo da girman tsarabarsa. Wannan ma'auni shi ke hana wanda bai samu ba dawowa, shi ke sa ya ƙara shekara a kan shekara, har a ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Alhali tarihi ya nuna ba kullum laifin mutum ne ke dawo da shi hannu wofi ba. Gana ta kori baƙi a 1969, Najeriya ta yi haka a 1983, yaƙi ya tarwatsa su a Kodebuwa daga 2002, sannan a Libiya a 2011.

Abin da ya rage gare mu

Ƴan kasuwa maza da mata, a cikin waɗannan labarai kujera biyu muke zaune. Mu ne iyayen Marwan da Diwana, masu jiran aike. Amma kuma a Yamai, Maraɗi da Damagaram mu ne iyayen gida. Yaron da ke tura maka amalanke daga tasha zuwa rumfa, ɗan ga-ruwan da ke cika miki randa, yarinyar ƙauye da ke miki wanke-wanke da talla, dukansu ƴan cin rani ne. Baturiyar Antib ba ta taɓa ɗaukar kanta azzaluma ba. A ganinta ta ba yarinya ci da sha da wurin kwana. Ya kamata kowace uwar ɗaki ta tambayi kanta: yaushe rabon yarinyar nan da jin muryar mahaifiyarta? Ladanta a hannun wa yake shiga, nata ko na dillaliyar da ta kawo ta? Idan ta kwanta ciwo, likita ake kai ta ko tasha?

Ga masu shirin sallamar ɗa ko ƴa kuma, littattafan nan sun bar mana tambayoyin da ya dace a yi tun kafin a sayar da akuya ko a jinginar da gona. Wane ne ubangidan, da sunansa da garinsa? Nawa ne ladan, kuma nawa za a cire na hanya, na abinci da na ɗaki? Fasfo a hannun wa zai zauna? Akwai ɗan gari a can da zai san inda yaron yake kwana? Idan dillali ya kasa amsa waɗannan, ko ya ce a yi sauri mota za ta tashi, to a tuna da mai gonar da ya buga takarda 5000 alhali mutum 800 yake nema. Kada kuma a bar mutum ya tafi shi kaɗai idan akwai hali, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zangon Hausawa na Kumasi da Akra, da masu masaukin da kakanninmu fatake suka dogara da su, an kafa su ne don kada baƙo ya rasa wanda ya san sunansa.

Idan ɗanki ya bugo waya ya ce lafiya lau, kada ki fara da zancen aike. Tambaye shi abin da ya ci yau, da wanda yake kwana ɗaki ɗaya da shi, kuma ki gaya masa ƙofar gida a buɗe take ko da jika ɗaya bai riƙo ba. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, Ya ba mu damina mai albarka da za ta rage masu tafiyar.